Ƙofar da Na Yi Domin Mota

Lokacin da na gina gidana a Magarya ba ni da mota, ba ni da moto, wato babur, keken ma na aro nake hawa. Duk da haka na sa magini ya bar mini wawakeken fili a katanga, na kira mai walda ya ƙera mini ƙofar ƙarfe mai murfi biyu. Magini ya tambaye ni wace irin mota zan sayo don ya san awon da zai yi. Na ce ya dai yi ta da faɗi. Mai walda ya tambaye ni ciki za ta riƙa buɗewa ko waje. Na ce waje, domin in an buɗe ta masu wucewa su gani. Wannan shi ne laifina na farko a cikin maganar nan, kuma ba shi ne babba ba.

Karatuna bai yi nisa ba. Na yi lakwal, wato boko, har ajin sartifika, na faɗi, na koma gona. Gero nake nomawa da wake da gyaɗa, da rani in ɗan taɓa saye da sayarwa. Mutum irina zaure ya ishe shi shiga da fita. Amma na ga ƙofofin ma'aikata a cikin gari, raina ya biya.

Unguwarmu yashi ce zalla, irin wanda in ka taka sai takalmi ya cika. Gidana shi ne na farko in an baro babbar hanya, kuma ya ɗan ɗaga a kan tudu. Saboda motar da ban saya ba, na sa aka jido mini burji, jar tsakuwar nan da ake zuba wa hanya, aka shimfiɗa daga bakin ƙofar har gangare zuwa babbar hanya. Na yayyafa ruwa, na daɓe shi da kaina har ya yi tauri kamar daɓen ɗaki. Duk layinmu babu wuri mai tauri sai shi. Na yi wa ƙofar shuɗin fenti, na rufe ta, na ci gaba da shiga ta zaure.

Maƙwabcina na jikin katanga direba ne. Ya ɗan girme ni, kuma kowa a unguwa Direba yake ce masa, har matarsa in tana ba da labarinsa. Yana da tsohuwar a-kori-kura da yake kai 'yan kasuwa Waca da Mallawa da sauran kasuwannin ƙauye. Motar tana tafiya lafiya lau, tashi ne ba ta yi. Abin tayar da ita ya mutu tun kafin in san ta. Kullum sai an tura, ta ɗan gangara, ya fizgi giya, ta yi tari, sannan ta kama. A cikin yashi kuwa ko mutum goma ba su tura ta.

Wata rana da yamma ya zagayo ta bayan layi da gudu don kada yashi ya riƙe shi, ya hau kan burjina, ya tsaya a gicciye daidai bakin ƙofar, hancin motar na kallon gangare. Ya kashe ta, ya fito ya sa dutse a ƙarƙashin taya. Ina zaune a kan tabarma da mutane.

Ya ce, "Malam, zan ɗan jingina ta a nan zuwa safe."

Na ce, "Haba Direba, har sai ka tambaya? Ai ƙofarka ce."

A wurinmu haka ake cewa. Mai faɗa ya san ba duka ba ne gaskiya, mai ji ma ya sani. Amma in ta fita daga baki a gaban mutane, babu bakin da zai je ya dawo da ita.

Da safe bayan mun fito daga sallar asuba ya ce a taimaka da hannu. Mutum uku muka dafa, ko nishi ba mu yi ba ta gangara ta kama. Direba ya leƙo ta taga yana dariya, ya ce tunda ya sayi motar nan ba ta taɓa tashi da ladabi irin na yau ba. Da yamma ya dawo ya ajiye ta a wurin. Washegari ma haka. Bai sake tambaya ba, ni ma ban sake cewa komai ba.

Gaskiya ita ce da farko abin ya yi mini daɗi. Ƙofar ta samu abin da ya dace da ita. In baƙo yana neman wani gida a layinmu sai in ji ana ce masa, ka wuce gidan mai mota. Ban taɓa tashi na gyara wa kowa kwatance ba.

Ana nan sai yayan matata ya zo mana ziyara daga can tsallaken iyaka, inda yake da shagon atamfa. Mutum ne mai yawan duba abin da mijin ƙanwarsa ya mallaka. Ranar babu kasuwa, motar tana nan a ƙofa. Ya zagaya ta, ya bubbuga bayanta da tafin hannu.

Ya ce, "Masha Allah, suruki, ashe an samu ƙafa."

Na ce, "Sai godiya, Yaya."

Ya ce, "Tsohuwa ce, amma irin ƙarfen nan yanzu ba a yin sa. Wa ke ja maka?"

A nan ne ya kamata in tsaya. Sai na sa hannun rigata na goge madubin gefe, na ce, "Akwai wani direba nan kusa. Mutum ne mai amana."

Da na shiga gida mai ɗakina tana tsaye a bayan zaure da tire a hannu. Ta ce, "Malam, yaushe muka yi mota ban ji guɗa ba?"

Na ce, "Ni ban ce tawa ba ce."

Ta ce, "Ba ka kuma ce ba taka ba ce."

Na ce ta kai wa baƙo ruwa.

Wata shekara gyaɗa ta yi kyau, na sayi amalanke na ƙarfe da shanu biyu. Mota dai ba ta samu ba, amma amalanke ya fi ta amfani ga manomi: shi zai kai taki gona, shi zai kawo amfanin gona gida. Ranar da na kawo shi aka buɗe ƙofar nan duka murfi biyu, karon farko tun da aka kafa ta. Sai da aka zuba mata mai a maƙogwaro kafin ta yarda. Amalanke ya shiga, na rufe. Da magariba Direba ya dawo ya gicciya motarsa a waje kamar kullum.

Daga nan abin da nake so a duniya ya zama guda ɗaya: in fitar da amalankena daga gidana lokacin da na ga dama.

Ranar kasuwa babu matsala sosai. Mu tura shi ya tafi, in buɗe in fita, in yi ƙoƙari in riga shi dawowa. Ranar da babu kasuwa kuwa motar tana nan wuni guda. Ba mota ba ce da za a ce a ɗan matsar da ita. In aka cire dutsen ta gangara, dole ta tashi, in ta tashi dole ya zagaya layi ya ƙona mai, in ya zagayo kuma babu inda zai ajiye ta sai wurin da ya baro. Sai in ɗaura wa shanu karkiya a cikin gida, in fito ta zaure, in tsaya kusa da motar ina gaishe da Direba. In tambayi iyali, in tambayi gajiya, in tambayi hanyar Mallawa.

Sai ya ce, "Za a fita ne, Malam?"

In ce, "A'a, ba wata gaggawa."

Ya ce, "To madalla." Ya shige gida.

In koma in kwance shanu.

Mai ɗakina ta ce, "Mutumin nan ya tambaye ka da bakinsa, ka ce a'a. To me kake so ya yi, duba?"

Na ce, "Ai ya kamata ya gane."

Ta ce, "Bari in gaya wa matarsa, yau ɗin nan a gama."

Na ce kada ta kuskura, maganar maza ce. Ta ce ita ba ta ga maganar ba, mazan kawai take gani.

Maimakon magana sai na koma dabara. Na fara da habaici. In na ji motsinsa a waje sai in ɗaga murya ina yi wa babba cikin shanuna magana ta bayan ƙofa: "Ka yi haƙuri, yau ma hutu ne." Direba ya ji, ya yi dariya har da tari, ya ce, "Malam, shanunka sun fi ma'aikatan mairi, ofishin magajin gari, samun hutu."

Sai na saro ƙaya na baje a kan burjin. Ya dawo ya tsaya, ya tsince ta tsaf, ya ɗaure, ya aika wa mai ɗakina ta hura wuta. Ya same ni ya ce in riƙa lura, akwai marasa tarbiyya da ke zubar da ƙaya a ƙofar mutane, wata rana sai ta soki sa a kofato. Na yi masa godiya.

Daga nan na tafi wurin limamin masallacinmu. Ban ambaci kowa ba. Na ce akwai wani bawan Allah da maƙwabcinsa ke tare masa ƙofa, ko Malam zai ɗan taɓo haƙƙin maƙwabtaka. Liman ya dube ni, ya dubi wajen layinmu, ya ce to. Bayan magariba ya yi nasiha mai kyau. Ya ce kada mutum ya takura wa maƙwabcinsa a hanyar shigarsa da fitarsa. Na sunkuyar da kai ina jin daɗi. Sai ya ƙara da cewa kada kuma mutum ya hana maƙwabcinsa amfana da abin da ba zai rage shi da komai ba, kuma wanda ya yi haƙuri da maƙwabci ladansa na da yawa. A kan wannan ya fi daɗewa.

Da muka fito Direba ya kama hannuna ya riƙe. Ya ce, "Ka ji, Malam? Da kai ake yau. Wallahi ina zaune ina cewa wannan maƙwabcina ne ake siffantawa."

Na ce, "Allah ya bar zumunci."

Ya ce, "Amin."

Haka muka ci gaba har kaka ta zo. Waken shekarar ya yi, harawa ta yi fiye da waken. Gonata mai nisa tana kan hanyar Dungas, can na tuge na ɗaure dami-dami na jera, ina jiran kwasowa. Wanda ba manomi ba zai ɗauka harawa ciyawa ce kawai. Ita ce abincin shanuna tun daga kaka har faɗuwar ruwa. In babu ita, mai shanu biyu ba zai kai damina da biyu ba.

Kuma akwai wa'adi. Kowace shekara in an gama girbi hukuma da sarakuna sukan tsayar da ranar sakin gonaki. Kafin ranar, in dabba ta shiga gonarka kana da magana. Daga ranar kuwa makiyaya na da damar shiga ko'ina, abin da ka bari a gona na dabbobi ne, ba ka da ƙara a wurin kowa. An faɗi ranar a rediyo, mai shela ya zaga unguwa ya maimaita. Kwanakin da suka rage ba su da yawa, kuma duk mai amalanke a garin yana kan hanya tun asuba.

Na yi lissafi na ga in zan kwashe harawar nan sai na riƙa fita kullum, ba sai ranar da Direba ya ga kasuwa ba. A nan ma da na taka zuwa ƙofarsa na ce, Direba, kwanakin nan ka taimake ni da hanya, da an gama. Na tashi da niyyar haka. Na je har bakin zaurensa, na yi sallama, ya fito, na tambaye shi ko yana da aron allurar ɗinkin buhu.

Washegari ranar kasuwar Mallawa ce. Muka tura shi ya tafi. Ƙofa ta samu sarari, shanu sun ƙoshi, rana ba ta yi zafi ba, ga harawa na jira a gona. Na fito da amalanke, na ɗauko diga da shebur, na fara farfasa burjin.

Tunanina shi ne, burjin ne ke kawo shi. In babu burji babu dalilin tsayawa, zai nemi wani wuri da kansa, ba wanda ya ce wa wani komai, zumunci na nan yadda yake. Na haƙe shi tas, na kwashe na tara a bayan gida. Wurin ya zama rami. Don kada ramin ya yi muni sai na kora shanu zuwa gulbi na jido yashi, mai laushin nan da ake tankaɗewa don shafen gini. Sawu bayan sawu, wuni guda.

Mai ɗakina ta leƙo ta ce, "Harawa na gona, kai kana jidar yashi. A Magarya. Ko ƙarewa aka ce zai yi?"

Na ce ta koma ciki.

Masu wucewa suna tambaya, ina ce musu gyara nake yi. Kafin la'asar sakaliya na baje shi, na share da tsintsiya, ya yi sumul. Na shigar da amalanke, na rufe ƙofa, na yi wanka. Abin da ban sa a lissafi ba shi ne, Direba da duhun magariba yake dawowa, ta baya yake zagayowa, da gudu, da fitila ɗaya. Kuma mutum ba ya duba wurin da ya saba ajiye abu shekara da shekaru.

Muna fitowa daga masallaci muka ji ƙarar motar. Ta shawo kwana, ya kashe ta kamar yadda ya saba don ta ƙarasa da kanta. Ta ƙarasa. Ba ta yi wata ƙara ba, sai dai ta zauna, kamar raƙumi in ya gaji. Akwai buhunan gishiri a bayanta na wani ɗan kasuwa. Tayoyin baya suka nutse har cikinta ya taɓa ƙasa.

Direba ya tura ƙofa da ƙyar ya fito. Ya dubi ƙasa. Ya duƙa ya ɗebi yashin ya murza a hannu. Ya dube ni.

Ya ce, "Malam, an yi gyara."

Na ce, "An ɗan taɓa."

Ya ce, "Ya yi kyau. Ga laushi."

Ya kaɗe hannu ya shiga gida.

Da safe duk mazan layi suka fito. Aka sauke gishiri, aka tone gindin tayoyi, aka sa zana, aka sa katako, aka yi kabbara aka tura. Ta ƙara zama. Ni ma ina cikin masu turawa, kuma na fi kowa nishi. Da rana aka samo wata babbar mota ta ja ta da sarƙa. Aka fizga sau ɗaya, aka fizga na biyu, sai muka ji ƙas a ƙarƙashinta. Makanike ya shiga ya fito ya ce ƙarfen da ke juya ƙafafun baya ya karye, kuma irinsa sai Kano. Ya ɗaga ta a kan duwatsu, ya cire tayoyin baya ya jingine. Fizgar da aka yi ta ƙara matso da ita, har gefenta na gogar shuɗin fentina. Ƙofar da na ce a yi mai buɗewa waje ko tafin hannu ba ta buɗuwa.

Amalanke yana ciki. Shanu suna ciki. Harawa tana kan hanyar Dungas.

Na zaga neman aron amalanke, kowa nasa na aiki. Na je gona da ƙafa na ɗauko dami ɗaya a kai, na iso gida wuyana ya sage, na ga wannan ba hanya ba ce. Mai ɗakina ta ce in kira maza a cire wa amalanken ƙafafu a ɗaga shi ta kan katanga. Shawara ce mai kyau. Amma mazan da zan kira su ne waɗanda suka wuce suka gan ni da diga ina cewa gyara nake yi. Na ce bari mu ga gobe, wataƙila ƙarfen ya iso. Gobe ta yi na sake cewa haka.

Direba kuwa ya shimfiɗa tabarma a inuwar motar yana wuni. 'Yan kasuwarsa suka koma wata mota. Mai ɗakina ta ce mini a gidansa an koma ɗora tukunya sau ɗaya. Ta faɗa tana tsince wake, ba ta dube ni ba. Kullum da safe sai ya gaishe ni kamar yadda ya saba, ya tambayi shanu. Bai taɓa tambayar abin da ya sa mutum zai cire burji ya zuba yashi ba. Da ya zage ni da na samu abin riƙewa. Na daina zama a waje.

Ana gobe sakin gonaki, bayan asuba, na ji sallama. Na fito na gan shi da diga a kafaɗa.

Ya ce, "Malam, katanga za mu fasa."

Na ce, "Wace katanga?"

Ya ce, "Taka mana. Tawa ba amalanke a bayanta."

Ya riga ya duba wurin. Gefen da ke kallon filin ƙofar gidansa na ƙasa ne, ba siminti. Muka fasa, ni ta ciki shi ta waje, har muka ga juna. Shanu suka taka ɓaraguzai suka fito, amalanke na biye. Ban ce ya raka ni ba, sai na ga ya haye ya zauna a gefena. Ya ce tunda ba shi da mota yau shi ne yaron mota. Da muka kama gangare ya riƙe ƙarfe da hannu biyu ya ce, "Wannan ina birkinsa?" Na nuna masa igiyar hancin sa. Ya ce motarsa ma kusan haka ne.

Muka fara da buhunan wake, sannan harawa. Shi ke miƙowa ni ke jerawa. Bai iya ɗaurin kaya irin na gona ba, amma ya iya cusa kaya inda babu wuri, sana'arsa ce. Gonar da nisa, shanu kuma ba mota ba ne. Rana ta yi mana gajarta.

A sawu na ƙarshe, muna tafe a hankali saman kaya, rana ta yi ja, na ce, "Direba."

Ya ce, "Na'am."

Na ce, "Yashin nan da gangan na zuba shi. Don kada ka ƙara tsayawa."

Ya ce, "Na sani. Duk layi an sani. Liman ma ya sani."

Sa ya tsaya ya yi fitsari, muka jira shi.

Ya ce, "Me ya hana ka ce mini in matsa? Sau nawa ina tambayarka?"

Na ce, "Kunya."

Ya ce, "To ni ma ita ce."

Na ce ban gane ba. Sai ya ba ni labari. Ashe bayan ziyarar nan yayan matata ya gamu da shi a tasha, ya gane motar, ya kira shi a gaban mutane ya ce, kai ne direban surukina? Ya ba shi goro, ya ce ya riƙe amana, ya gaida maigidansa. Direba ya karɓi goron ya ce maigida zai ji.

Ya ce, "Daga ranar na ce a raina, bawan Allahn nan ya yi ƙofa, ya yi burji, ya yi fenti, mota ce kawai babu. In na ɗauke ta, baƙi suka zo, me zai ce musu? In na tambaye ka kuma ka ce ba gaggawa, sai in ce to, so yake ta zauna."

Na ji kamar in sauka in bi amalanken a ƙasa. Na ce, "Wato saboda ni kake ajiye ta?"

Ya yi ɗan tunani. Ya ce, "Rabi. Rabin kuma gangaren."

Na ce ya yafe mini. Ya ce ba komai. Na san nauyin wannan kalmar, don ni ma ina yawan faɗinta.

Washegari na yi sammako na koma, ko zan ƙara sawu ɗaya. Na tarar garke ya riga ni. Shanu farare sun cika gonar, suna warware damin da na ɗaure da hannuna. Makiyayin yana tsaye da sandarsa a wuya, ya gaishe ni da ladabi, ya ce harawar nan ta yi kyau, Allah ya ba mai ita lada. Na ce amin. Ba shi da laifi, ranarsa ce. Na tsaya na ɗan kalla, na juya da amalanke babu komai a kai. Abin da ya rage a gonar ya fi abin da muka kwaso, kuma wunin da na yi ina jidar yashi da ya isa ya kwashe mafi yawansa.

Harawar da ta shigo gida ta ƙare tun zafi bai gama tsananta ba. Na kai ƙaramin san kasuwa. Daga abin da na samu na kai wa Direba wani abu saboda ƙarfen motarsa, ya ƙi karɓa, ya ce so nake in ɓata zumunci. Na ba mai ɗakina ta kai wa matarsa. Ta dawo hannu wofi, ba wanda ya sake tayar da maganar.

Da ƙarfen ya iso daga Kano aka ɗaura, na kwashe yashin na mayar gulbi, na dawo da burjin daga bayan gida da sa ɗaya, na yayyafa ruwa na daɓe. Ban ce masa ya dawo ba, bai tambaya ba. Da magariba ya zagayo ya gicciya ta, ya sa dutse.

Da yayan matata ya sake zuwa na tare shi tun a zaure, na ce, "Yaya, motar nan ba tawa ba ce. Ba ta taɓa zama tawa ba." Ya ce ai ya sani, ƙanwarsa ta gaya masa tun a wancan zuwan kafin ya gama shan ruwa. Na ce to goron da ya ba Direba fa? Ya ce ai ba zai tona asirin surukinsa a tasha ba. Har yanzu in mun yi waya sai ya tambaye ni lafiyar mota, in ce tana nan.

Ɓarakar da muka yi a katanga ban toshe ta ba. Na gyara bakinta na sa mata kwano, ta nan amalanke ke shiga da fita, ta gaban gidan Direba. Shuɗiyar ƙofar ba a sake buɗe ta ba, mai ɗakina tana shanya tabarma a kanta ta ciki. Kullum bayan asuba ina cikin masu turi.

Kwanan baya na dawo daga kai taki a gajiye, na kwance sa na shigar da shi, na bar amalanken a waje daidai bakin zauren Direba, na zauna ina shan ruwa. Ya fito zai tafi masallaci, sai da ya karkace kafin ya wuce. Na ce yanzu zan ɗauke.

Ya ce, "Haba Malam, bar shi mana. Ai ƙofarka ce."

Na ajiye kwanon ruwan, na tashi na ja shi ciki.